Injin da Ka Bayar Ba Naka Ba Ne

Karmo, Abuja.

Zuwa ga ƙanena Manniru,

Bayan sallama irin ta addininmu, da gaisuwa mai ƙetare sahara da teku har ta iske ka a Jidda, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya kuma sanya albarka a neman da ya kai ka. Mu a nan sai godiya. Matata Kubra ta warke daga ciwon gwiwar da ya dame ta, 'yarmu Zakiyya kuma ta fara koyon aikin jinya. Da hannuna na rubuta wannan takarda, Zakiyya ce za ta ɗauki hotonta ta aiko maka, domin idan na kira ka a waya harshena zai riga hankalina, in faɗi abin da zumunci ba zai ɗauka ba.

Manniru, raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Na kai tsohon Hondana garejin Dominic don ya canza mini sarƙa kawai, na tafi ta'aziyya Kontagora. Da na dawo sai na tarar da wani abu ja wur yana ƙyalli kamar akwatin lefe, aka ce wai babur ɗina ne. An shafe koren fentinsa, an sauke injinsa na asali an ɗora sabo, an cire kiki an sa maɓalli. Dominic yana ta washe baki, yana cewa oga na waje ne ya kira shi ya ce a sabunta komai a ba ni mamaki. To, na yi mamakin! Wa ya kai maka kuka? Yaushe na ce maka tsufansa ya dame ni?

Kai da kake yawo cikin mota mai sanyi ba za ka gane ba. Tsohon babur ba a danna shi a wuce, sai an lallashe shi. Da safe nakan taɓa fulogi, in buɗe mai, in ɗora ƙafa a kan kiki in nemo inda yake so, sannan in buga. Sai ya yi gyaran murya kamar limami, ya kama bugu a tsanake. A kan wannan bugun nake auna baitocina tun ina saurayi. Baitin da ya ƙi zama a kan karinsa, na san gurgu ne. Shi na yi wa wannan a hanyar Gwagwa:

Tsohona mai tafiya da natsuwa,
Ba ka gudu, kuma ba ka gazawa,
In ka yi tari ni ke jin ciwon,
In ka yi waƙa ni ke amsawa.

Wannan sabon kuwa ba shi da kari, sai zuga kamar sauro a kunne. Ranar da na fara hawansa, ban kai kasuwar Karmo ba wata mata ta ɗaga mini hannu tana kiran okada, tana tambayar ko zan kai ta Kado da kwandon kifinta. Ni, da furfurata da babbar rigata! Koren nan da ka raina, duk hanyar an san na Malam Zakariyya ne, ba wanda ya taɓa tsayar da shi.

Duk wannan da na haɗiye, amma saurari abin da ya faru a Dei-Dei. Ka san Inna tana can wajen ƙanwarmu Barira, abin da ba ka sani ba shi ne idonta ya rufe sosai a bana, don ta hana a gaya maka. Kowace Juma'a bayan an sauko takan zauna a zaure, cikin rurin manyan motocin katako da kukan shanun kara, tana kasa kunne. Tun daga kwana take tsinto muryar babur ɗina, ta ce a shimfiɗa tabarma ga Zakariyya nan. Ita kaɗai ce hanyar da ta rage mata ta riga kowa sanin wani abu a gidan. Juma'ar da ta wuce na zo na tsaya a gabanta, na kashe inji, ba ta motsa ba. Sai na ji tana ce wa Barira a sallami ɗan acaɓan nan daga ƙofa, tana jiran ɗanta. Da na yi sallama ta gane ni, ta lalubi tankin da tafin hannunta, sannan ta ce ashe kunnen ma ya fara tafiya. Na rantse mata kunnenta ƙalau ne, ba ta yarda ba.

Na koma wajen Dominic a fusace na ce ya mayar mini da injina. Ya ce kai ka bar masa shi, kuma ya riga ya yi wa wani Yamusa na Mpape alkawari, zai haɗa shi da injin markaɗe. Injin da ya kai ni ɗaurin aurena, wai shi zai koma niƙa tattasai! Ya ce ba zai warware ba sai oga na waje ya faɗa da bakinsa. Don haka ka kira shi da zarar ka karanta wannan, kafin su yanke masa ƙafafu su yi masa walda a kan katako. Na san alheri ka nufa, Allah Ya ba ka ladan niyya, amma ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Sabon injin kuwa, ka ba wanda kake so. Fenti zan haƙura da shi. Muryar nake nema kafin Juma'a.

Ka gaishe da Mashkura da ƙaramar Kauthar. Kubra da Zakiyya da Barira suna gaishe ka. Inna ma tana sa maka albarka, ta kuma ce in tambaye ka, me babur ɗin ya yi maka?

Ni ne yayanka, mai ƙaunarka ko da yana fushi,
Zakariyya.