Na Ga Ciwo a Tumakin Yayana Na Yi Shiru, Yanzu Buba Za a Kora Daga Rijiya

Assalamu alaikum manoma da makiyaya na wanga zaure. Admin don Allah ka sakaya sunana da na garinmu, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage mini, kuma ban da wanda zan gaya wa wagga magana a gida.

Ni mutumin ƙasar Kurfai ne, wani ƙauye arewa da Filinge, na ba hamsin baya, ban san wata sana'a ba sai noma da kiwo. Mu biyu ne maza wurin babanmu. Zamanin mulkin soja na farko anka zo neman ɗiyan da za a kai lakwal, wato makarantar boko, Baba ya ba da yayana ya riƙe ni gona, ni sai da girmana na yi karatun yaƙi da jahilci, shi ya sa za ku ga rubutun nawa haka. Yaya ya samu aiki a biro, wato ofishin aikin gona, a Yamai tun soja ba su sauka ba, farar hula sunka zo sunka tafi, soja sunka dawo sunka sake sauka, shi yana nan bisa kujerarsa ƙarƙashin fanka. Shekara talatin da wani abu wai yana aikin gona, amma in kun ga tafin hannunsa kamar na mai jego, ko kanta guda babu.

Abin da Baba ya bar mana jigawa ce da ta gaji, da wani fako wanda ko ciyawa ba ta yarda ta fito ba. Ni na zauna a kansu. Na haƙa tassa, ramu ƙanana ana zuba taki a ciki kafin damina, na yi kunyoyi masu siffar rabin wata don tare ruwa, duk ɗan gawo ko kalgo da ya tsiro ban sare shi ba sai dai in gyara masa rassa, kara kuma ban taɓa ƙona shi ba. Sannan ga Buba. Buba Bafillace ne, kowace shekara bayan an ɗauke amfani yana gangarowa daga wajen Sanam ya sauka a gonata, dabbobinsa su ci kara su bar mini taki, in ba shi hatsi matarsa ta kawo mana nono, haka muke sama da shekara ashirin, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Shi ya koya mini duba dabba, a buɗe baki, a ɗaga wutsiya, a dubi ido, kuma shi ya ce mini duk dabbar da ta fito daga kasuwa a ɗaure ta gefe mako biyu, ruwanta dabam, ko da ta fi kowace ƙiba.

Bara waccan, ina nufin damina biyu da sunka wuce, Yaya ya ajiye aiki ya dawo gida da mota da tabarau da talho biyu. Nan take mutanen garinmu sunka raɗa masa Darakta, ko da yake ni ban taɓa jin ya riƙe wannan muƙami ba. Wallahi mutanenmu sun ba ni kunya. Dattawan da sunka shekara sittin suna noma sai ga su zaune gabansa suna gyaɗa kai yana koya musu yadda hatsi ke tsiro, yana nuna musu hotunan gonakin Turawa cikin talho. Ya karɓi rabonsa na gona, ya kawo tarakta daga Filinge, ya sa anka tumɓuke itatuwan da na yi shekaru ina reno a wannan ɓangare, wai suna hana inji juyawa. Na same shi na ce Yaya wagga ƙasa rairayi ce, in ka buɗe ta haka iskar farkon damina za ta binne maka shuka. Gaban mutane ya yi dariya ya ce noman kakanni ne ya cika mini kai, kuma sunka taya shi dariyar, har da waɗanda hatsina suke ci in rani ya yi tsawo. Iska ta zo ta binne shukar sau biyu. Abin da ya girbe bai kai na matata a ƴar gayaunarta ba. Ya ce iri ne ba shi da kyau, ya ce ruwa ya yi gardama, ruwan da ya sauka a gonata da ke manne da tasa. Sunka ce ƙwarai Darakta, bana sai haƙuri.

Da noma ya ƙi sai ya ce kiwon zamani zai yi. Ya kewaye fili da waya, ya gina wurin tara ruwa da siminti, ya ce in raka shi kasuwar Baleyara ran Lahadi. Tun daga gida har can yana yi mini lacca cikin mota kan abincin dabbobi, ni da na kwana na tashi da su tun ina tsallake kashin awaki. Da munka shiga kara sai idonsa ya faɗa kan wasu manyan tumaki farare, irin da ake ce wa balami, guda goma sha biyu, dogaye masu kyan gani. Ni kuwa tun daga nesa jikina bai ba ni ba. Na matsa, na ga an goge musu hanci amma majina ta bushe a gefe, biyu da kwantsa a ido, guda an wanke mata gindin wutsiya bai ma bushe ba. Na buɗe bakin wata na ga ƙuraje a dasashi. Wallahi na juyo zan yi magana, sai dillalin ya tambaye shi ko ni ne mai duba masa. Yaya ko kallona bai yi ba ya ce, "A'a, ƙanena ne, igiya ya zo riƙe mini." Sunka bushe da dariya. Na saki bakin tunkiyar na goge hannuna a riga na koma gefe.

A nan laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye muku ba. A raina na ce bari su mutu masa ɗaya bayan ɗaya, in ga da wane Faransanci zai bayyana wa mutane. Na riƙe masa igiyar kuwa, na taya anka loda su a kamiyo, babbar motar kaya, ina jin wani daɗi a zuciyata wanda yanzu in na tuna shi nake jin ƙyamar kaina. Lissafina shi ne suna cikin wayarsa, ruwansu dabam, asarar tasa ce shi kaɗai.

Ashe wurin ruwan nasa na siminti ya tsage tun kafin a zuba masa ruwa bido goma, wato jarka goma, don shi ya tsaya kan maginin yana koya masa aiki. Kwana uku da dawowarmu na hango tumakin ana kora su rijiyar gari, sunka sa baki cikin kwamin da awakin kowa ke sha. Abin da na yi shi ne, na koma gida na ce wa matata daga yau kada awakinmu da tumakinmu su sake zuwa rijiya, ni zan riƙa ɗauko musu ruwa da sharet, amalanken jakina, daga fadama. Ta tambaye ni dalili na ce haka nake so. Ban je ga maigari ba, ban gaya wa maƙwabci ko guda ba, don in na faɗa sai an tambaye ni yaushe na sani.

Tunkiyar farko ta mutu masa cikin makon. Da hantsi na gan shi da idona, tun da gonakinmu iyaka guda ne, ya sa an ja ta bayan waya an binne, washegari ya binne ta biyu. Kwana biyu bayan haka Buba ya sauka a gonata kamar yadda ya saba, ya kai dabbobinsa rijiya kamar yadda ya saba. Shi ma ban ce masa komi ba, mutumin da ya koya mini duba bakin dabba.

Daga nan ciwo ya shiga gari. Zawo, majina, baki ya ruɓe, dabba ta ƙi cin abinci, kwana kaɗan ta kwanta. Awakin mata sunka fi mutuwa, kuma kun san a wurinmu akuya ita ce dukiyar mace, da ita take suna, da ita take kai ɗanta likita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna Hajo, awaki tara gare ta, biyu sunka rage, na gan ta zaune bakin garke ta rafka tagumi, da na gaishe ta sai ta ce, "Ɗana, kai dai Allah ya tsare maka naka." Na ce amin na wuce. Buba shi ya fi kowa asara, tumakinsa sun faɗi fiye da ashirin.

Sai ga Darakta ya fito da bayani. Wai ya yi nazari, ciwon daga rugar Buba ya fito, dabbobin yawo ne marasa allura, kuma shi ma abin ya shafe shi, tumakinsa masu tsada sun mutu sanadin sakacin wani. Da likitan dabbobi ya zo daga Filinge ya yi wa sauran allura, ya ce irin wanga ciwo baƙuwar dabba ke shigowa da shi, ya tambaya wa ya kawo baƙin dabbobi kwanan nan. Duk jama'a sunka juya sunka dubi gonata inda bukkokin Buba suke. Ba wanda ya dubi mutumin da ya sauke tumaki goma sha biyu daga kamiyo da rana tsaka gaban kowa, yana tsaye kusa da likitan yana zuba masa Faransanci. Sun sani fa, ba makafi ba ne. Amma wa zai nuna Darakta da yatsa, mai kai su asibiti da mota, ga Bafillace can wanda ba shi da kowa a gari.

Na bi Yaya har gida na same shi shi kaɗai, na gaya masa na ga abin da ya binne da ranar da ya binne shi, na ce tumakinsa da ciwonsu sunka zo tun daga kasuwa. Ban taɓa ganin mutum ya canza fuska haka ba, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya ce, "To kai yaya anka yi ka sani tun daga kasuwa?" Ya ce in ina so in tashi gaban jama'a bismillah, amma in tabbata na gaya musu wa ya buɗe bakin tunkiya a Baleyara, kuma mi ya sa awakin gidana kaɗai sunka daina zuwa rijiya. Ya ce shi kuskure ya yi, ni kuwa da gangan na yi. Shekara talatin bai faɗi magana guda ta gaskiya kan aikin gona ba, sai wannan, kuma a kaina ta faɗa. Innarmu tana da rai, ta tsufa ƙwarai, ta ji hayaniyarmu ta kira mu ta ce ba ta son sanin mi ya haɗa mu, amma duk wanda ya kai ɗan uwansa gaban maigari kada ya tsaya kan gawarta.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna ƙofar maigari. Yaya ya riga ya rubuta takarda da za a kai wa hukuma, a hana Buba rijiyarmu da sauka a gonakinmu har abada. Samari kuma suna wasu maganganu da ba na son maimaitawa a nan, kun dai san yadda ƙasar take yanzu tsakanin manomi da makiyayi, abu kaɗan ke tayar da wuta. In an kore shi da wannan suna, ba garin da zai karɓe shi a kewayen nan, ga mata ga ɗiya ƙanana.

Jiya da safe Buba ya same ni ina kwance jaki daga sharet. Ya rame. Ya tsuguna ya ce, "Aboki, ba na roƙonka ka yi faɗa da danginka. Amma duba, dabbobinka su ne mafi kusa da nawa, gona guda muke, kuma ko guda ba ta yi tari ba. In da daga wurina ciwon ya fito, ai naka za su fara faɗuwa. Wannan kaɗai nake so ka faɗa musu ran Juma'a." Ya kama hannuna ya ce ya san Allah ne ya bar mini su don su zama shaidarsa. Na ce masa to.

Ƴan uwa, in na faɗi abin da Buba ya roƙa kaɗai, Yaya zai tashi ya faɗi sauran, na san shi. In na faɗi duka da bakina, na tona yayana, na saɓa wa uwata, kuma Inna Hajo da duk macen da ta rasa akuya za su san ina kallo anka kai dabbobinsu ga mutuwa ina jan ruwa da sharet. Matata ma har yanzu ba ta san dalili ba, tana ta gaya wa mata mijinta mai hangen nesa ne. In kuma na yi shiru na biyu, wanda bai ci ba bai sha ba shi zai ɗauki kayan.

Na yi tunanin in raba awakina ga matan da sunka yi asara, in ba Buba tumakina, amma wannan ba zai wanke masa suna ba. Don Allah malamai da manya na wanga zaure ku gaya mini, in fara zuwa wurin maigari ni kaɗai kafin Juma'a, ko in fara gaya wa Buba gaskiya ya san irin mutumin da ya kama wa hannu? Kuma maganar Innarmu, tana hawa kaina in gaskiya na faɗa? Mai zagi ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya bar mini shawara.