Ƙafafun Tavarius

Ƙanwata Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da ɗanki Tavarius kuna lafiya. Na ji kin kama zauren coci, kin gayyato rabin garin Yazoo su kalla a talabijin yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka za su zaɓe shi. Ki soke walimar nan.

Tun da ya shiga jami'a shi ke gudu da ƙwallo a hannu, kocinsa bai taɓa hutar da shi ba. Ke a wurinki abin alfahari ne. Su kuwa masu zaɓe, duk gudun da ya yi, duk karon da ya sha, rage masa daraja yake a idonsu, kamar motar hayar da ta sha hanya. Mai jefa ƙwallo suke rububi. Mai gudu da ita ko'ina akwai shi. Aikin da na yi ke nan har gwiwoyina suka mutu.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Cleophus

Yaya Cleophus,

Muna lafiya, mun gode Allah. Kai dai da digirinka da baƙin bakinka. Duk jihar Mississippi wa ya kai ɗana gudu? Ba kowa zai ƙare a kujera yana zagin talabijin ba. Na riga na sayi tarwaɗa, Fasto zai yi addu'a. Ka zo, amma ka bar bakin a gida.

A gaida gwiwa.
Odessa

Odessa,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki jaje. Na kalli zaɓen har aka kira sunan ƙarshe, ban ji nasa ba. Kin ga wanda suka ɗauka? Renard, wanda ya yi ta zaman benci a bayan Tavarius. Wai ƙafafunsa sababbi ne.

Ban so maganata ta tabbata ba. Yanzu wata ƙungiya za ta kira shi gwaji. Za su sa ƙattinsu su yi ta koyon kayarwa a jikinsa duk bazara, su sallame shi kafin a fara kakar wasa. Ki hana shi. Ya zo wurina garin Mobile, ana ɗaukar ma'aikata a tashar jiragen ruwa, kuma can da ƙafafunsa zai koma gida kullum.

Allah ya ba ki haƙuri.
Cleophus

Yaya,

Ina gaishe ka. Masu gwajin sun kira, ya tafi da safe. Na ga yana ɗingishi, da ya lura ina kallo sai ya miƙe. Na ƙunsa masa ragowar kifin.

Ya ce in tambayi Kawu sunan maganin da yake shafa wa gwiwa.

Ƙanwarka,
Odessa