Gulbin da ka zana min da ruwan wanke-wanke

Baba Pak,

Ina gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ba ka jin Hausa, Faransancina kuma ka san shi.

A resto, gidan abincinmu, madam mai wurin ta ɗauki wani a gurbinka, ko kabeji bai iya yankawa ba. Ni na bar unguwar Belleville, ina garin Bron wurin kawuna.

Ka tuna teburin ƙarfen nan na kuzin, inda kake girki? In mun gama wanke-wanke sai ka tsoma yatsa a ruwa ka zana min gulbin garinku na Koriya. Ga duwatsun da yake fitowa, ga inda ya lanƙwasa, ga gadar kasuwa, gonakin shinkafa hagu da dama, har ya faɗa babban kogi. Ka ce ƙarami ne amma da shi garuruwa suke ci, da damina kuma shi yake cin gidaje. Na ce namu na Maradi da rani yashi ne, jakuna ke yawo ciki. Ka yi dariya. Ka ce in ka mutu can za a zuba ka. Na ce to. Wallahi ban gane ba.

Baba, ƙona ka suka yi. Ba wanka, ba likkafani. Ɗanka bai zo ba. Madam ta miƙo min ɗan tulu, wai kai ne a ciki, wai ni ka ce a ba. Don me ni? Ni da ko takardun zama ba ni da su?

Na tambaye ta sunan gulbin, ta ce irinsa da yawa a ƙasarku. Na zana mata da ruwa yadda ka koya min. Ta duba har ya bushe, ba ta san shi ba. Ka sha faɗa min sunan. Ban riƙe ba, na ɗauka akwai lokaci.

Kawu ya ce ba za a ajiye masa gawa a ɗaki ba. Na kai ka bakin kogin Rhône, na buɗe tulun, hannuna ya ƙi. Mu ba ma zuba mutum a ruwa. Na tona rami gindin wani icce, na sa ka, na mai da ƙasa. Ban san addu'arku ba. Sai na jiƙa yatsa na zana gulbinka a kai, ƙasa ta shanye shi nan take.

Ba abin da ka roƙa ba ke nan, na sani. Za ka yafe min?

Sai wata rana, Baba.

Yaronka na wanke-wanke,
Sanusi