Ɗigo Biyu a Tafin Hannu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Ya ƙafar Inna, da sauƙi?

Kin tambaye ni ko taki ba ruɓaɓɓiyar shara ba ce kawai. Haka mutane da yawa suke zato. Ni ma da nake koyar da aikin gona sai da na sha kunya kafin na gane.

Kin san kamfanin matsar lemon da ke bayan makarantarmu. Na roƙi manajan ya daina kai ɓawo bola, ya riƙa sauke shi a filin manoman unguwa mu yi taki. Ya yarda. Cikin mako biyu tsibin ya zama caɓi, ƙuda ya taru, wari har ofishinsa. Ya aiko cewa in wata ya ƙare bai gyaru ba, motarsa za ta koma bola. Manoma goma sha ɗaya kuwa sun fasa neman takin zamani bana saboda maganata. Auta, ko abinci ya daina yi mini daɗi.

Na je wurin manoman da littafina da ma'aunin zafi. Dattijonsu, Baba Mai Tumatir, ya ce in mayar da biro jaka, tsibi bai iya karatu ba. Ya damƙi ɓawon ya matse, ruwa ya tsiyayo har gwiwar hannunsa. Wai ruwa ne ya yi yawa: kamfani ne da jiƙaƙƙen ɓawo, su ne da busasshen kara, ni kuma ban taɓa tambayarsu ba. Washegari kowa ya kawo karan masarar da ya yi niyyar ƙonawa. Muka sassara, muka jera kara, ɓawo, kara, muna juyawa duk kwana biyar.

Jiya manajan ya zo da hankici a hanci. Takin bai nuna ba tukuna, amma tururi yake yi, babu wari. Baba ya ɗebo takin ya danƙa masa ya ce ya matse. Ɗigo biyu kacal. Ya cusa hankicin a aljihu, ya tambaya ko za mu iya da mota biyu a mako. Baba ya ce a tambayi Malama, ita ce mai littafi.

Ki gwada a tsohon bokiti: ɓawon da kika fere, da busasshen ganye. Bayan mako biyu ki matse, ki rubuto mini ɗigo nawa.

Ki gaida Inna da kyau.

Yayarki mai ƙaunarki,
Malama