Na ɗaura wuyan jitarka, Yaya Iliya

Zuwa ga yayana Iliya, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Inna tana gaishe ka, haka ma matarka Saratu da yara. Wannan ce takarda ta uku tun da sojoji suka rufe iyaka, kuma ban sani ba ko biyun farko sun iso hannunka a Jos.

Bana ma gonarmu ta Tsibiri ba ta yi ba, geron ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Saratu tana zuwa Jiratawa aikin lambu, da shi muke ɗan lallaɓawa.

Akwai abin da na yi ba da izininka ba. Jitar da ka fara haɗa wa majami'a, ka tafi ci-rani ka bar gangar jikinta daban, wuyanta daban, na ɗaura ta. Fasto ya tambaye ni sau uku, ina cewa mai ita yana hanya. Gaskiya tsoro nake ji. Gani nake in na taɓa aikinka, kamar na yarda ke nan ba za ka dawo ba.

Da na kwance tsumman da ka naɗe wuyan, sai na tarar itacen maɗacin da ka sassaƙa shi da shi ya bushe ya tsuke, yana rawa cikin gurbinsa. Ka tuna kullum kana ce mini, “Auna sau goma, huda sau ɗaya.” Na ja zare daga kan wuyan har zuwa jakin da tsirkiya ke hawa, na auna, na sake aunawa, har zufa ta ɗiga a kan alamar fensirinka. Na san in ramin da zan huda ya karkace ko itacen ya tsage, babu irinsa ko a kasuwar Maradi.

Kwana biyu ina ɗaukar abin huda ina ajiyewa. Ran Laraba da hantsi na huda. Na cusa siririn ɓawon katako a gefen da ke rawa, na zura ƙusoshin nan biyu masu noti da ka ajiye a gwangwanin madara, na sa hannu ta bakin jitar ina murɗawa kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, ina sauraron ƙarar tsagewa. Ba ta zo ba. Tsirkiyar ta ɗan yi tudu, ta fi yadda kake so, amma tana magana.

Ina cikin gwada ta, Inna ta fito daga ɗaki da sauri, ko ɗankwali babu, tana kiran sunanka. Da ta ga ni ne, ta dafa bango ta daɗe a tsaye. Na yi niyyar ajiyewa, ta ce in ci gaba. Ta zauna bakin ƙofa, ta juya mini baya, don kada ta ga mai kaɗawa.

Yaya, wata bakwai ke nan ba mu ji ɗuriyarka ba. Direban kamiyon, babbar motar kaya, da zai bi ta daji da takardar nan ya ce zai dawo ta Maradi. Ko ba ka da abin aikowa, ka ba shi kalma ɗaya ya kawo wa Inna.

Ubangiji ya tsare ka, ya ba ka lafiya da abin sawa a baki, ya saukar mana da ruwa, ya buɗe maka hanyar gida.

Ni ne ƙanenka mai jiranka,
Dauda