Na'urar Busa a Shagon Lado

Sabha, 4 ga Maris 2002

Yaya Ɗijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da maigida da yara. Yaya gwiwarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Raina a ɓace yake. Kin san maigidana Lado ya bar gyaran rediyo, ya buɗe shagon kayan mota a unguwar Mahdiya, don tun da aka ce Afirka gida ɗaya ce manyan motoci ba sa yankewa a hanyar nan. Watan jiya ya kawo wata na'ura daga Tarabulus, ba ta fi tocila ba. Mutum zai busa a bakinta, in ya sha giya sai ta kunna jar fitila. Wata sharika, wato kamfani, mai jigilar siminti ke saye, tana gwada direbobinta a bakin ƙofa kafin su kama hanya.

Sai Malam Salissou, limamin masallacin 'yan ƙasarmu, ya ce cinikin haram ne, wai duk abin da sunan giya ya raɓa ya ƙazantu. Ranar Juma'a na aika da tuwon sadaka, aka dawo mini da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba. Ni, Yaya, da na tsufa da alli a hannu a Zinder!

Na yafa mayafina na same shi a gaban mutanensa. Na tambaye shi ko ma'aunin zafi na likita shi ne zazzaɓin. Na tuna masa maganar malaman fiƙihu a kan inabi: sayar da shi halal ne, sai in ka san mai sayen giya zai matsa. Allah ya saka masa, ya janye. Ya ce hukuncin yana bin mai saye: in don hana ɓarna ne, halal ne har da lada, in don rufa wa mashayi asiri ne, haram ne. Ya tambaye ni su wa ke amfana da ita. Na ce sharika kaɗai, na rantse da Allah kowa na ji.

Abin da ya rage mini shi ne direbobin da ke taruwa a bayan shagon da safe. Ba su da hira sai ta boka: jiya sun je wurin boka, bokan unguwar Gurda ya fi na ko'ina ƙarfi. Na yi musu wa'azi a kan shirka, suna ta dariya suna cewa sun ji, Malama.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Aïssa

Sabha, 19 ga Maris 2002

Yaya Ɗijatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Na kai wa maƙwabciyata Mabruka ƙarar direbobin nan. 'Yar Gudduwa ce, garin dabino, tana jin Hausa ta wajen kakarta. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta dubi fuskata ta daina. Ashe abin da suke kira boka ba mutum ba ne. Kalmar Larabcin nan ce, daga maƙogwaro ake fitar da ita, sunan barasar da ake dafawa a ɓoye da dabino. Na tsaya a kansu ina jawo musu ayoyin shirka, su kuma kansu na sarawa da ta jiya!

Washegari na bi ta ƙofar baya ban yi sallama ba. Yaya, layi na tarar. Lado na riƙe da na'urar, kowa na busawa. Wanda ta yi wa ja, sai ya zaunar da shi, ya ba shi shayi mai kauri da burodi, ya ce a sake gwadawa an jima. Da ta bar jan, sai ya dafa masa kafaɗa ya ce ya ruga ƙofar sharika. A gabana wani Kalla ya busa ta yi ja, idonsa ya fi fitilar ja, aka ce ya ɗan jira. Mutanen nan fa ba siminti kaɗai suke ɗauka ba, 'yan'uwanmu ne zaune a kan buhunan har cikin hamada.

Ban san me na faɗa ba, na dai ga layin ya watse. Lado ya ce taimako yake yi, in an kama su a ƙofa korarsu za a yi a miƙa wa 'yan sanda, kuma 'yan ƙasarmu ne. Sannan ya yi murmushi ya ce ai fatawa tana hannu, Malama ce da kanta ta karɓo. Da bakina ya wanke ƙazantarsa, Yaya, da rantsuwata.

Na karɓe na'urar na miƙa masa, na ce ya busa. Mutumin da muka aurar da 'ya'ya tare. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce batirin ya mutu. Yanzu-yanzu fa ta kunna wa Kalla.

Daga nan masallaci na wuce, na gaya wa Malam Salissou abin da na gani a gaban mutanen da suka ji rantsuwata. Ya ce ba da saninki kika yi ba, amma wannan shi ne haram ɗin da muka faɗa. Ban tsaya jin sauran ba.

Ina gidan Mabruka yanzu. Ki sanar da Kawu ina tafe, maganar aurena da Lado kuma sai na iso. Na ɗauko na'ura ɗaya a jakata. Ban saya ba, ban kuma tambayi Malam hukuncinta ba. Duk direban da zai kai ni Agadez sai ya busa a gabana kafin in hau motarsa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Aïssa