Reshen Da Na Yanke

Ainu Shams, Alƙahira
Afrilu, 2014

Zuwa gare ki, yarinyar nan,

Assalamu alaiki. A makarantar da na yi, an koya mana cewa bayan sallama sai a tambayi lafiyar wanda ake rubuta wa. Ni me zan tambaya? Da hannuna na zuba miki ƙasa shekara biyu da suka wuce. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Zan ninke ta in sa a akwatin kayan aikinki, kusa da almakashinki. Amma maganar tana cina tun ranar Asabar, kuma a gidan nan ba wanda zan gaya wa sai bango.

Labarin gida ba shi da yawa. Gwiwoyina sun ƙara lalacewa, hawa huɗun benen nan yanzu sai na huta sau uku. Ana yawan ɗauke wuta. Ɗaliban ƙasarmu na unguwannin Abbasiya da Madinat Nasr ba sa tunawa da ni sai sun sami takardar da Larabcinta ya fi ƙarfinsu. Su zo, su kira ni Baba, su sha shayi, su ce yalla, su tafi. Ba wanda ya taɓa leƙa baranda.

Na je baje kolin furannin. Abin da na zauna in gaya miki ke nan.

Kin tuna abin da kika roƙe ni a asibiti? Ba ki taɓa roƙona komai ba sai shi. Kika ce ƙaramin wardin nan naki, wanda kika shekara bakwai kina haɗa iri da iri har kika samu, in kai shi taron masu ƙananan wardi da ake yi duk bazara. Kika ce in ɗora shi a kan tebur, in rubuta sunanki a kati da hannuna. Kin san abin da kike nema. Ke ce 'yar fari, kuma a garinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya jansa a jiki. Na baro Katsina ina saurayi, na yi shekara hamsin a Masar. Na daina cin tuwo, na saba da waken nan nasu na ful da gurasa, har mafarki da Larabci nake yi, amma wannan kunya ban sauke ta ba. Shekara arba'in da ɗaya kika yi a duniya ina ce miki "ke", ina ce wa mutane "yarinyar nan". Ko bayan rasuwar mahaifiyarki, da muka rage mu biyu a gida, ban canja ba. Kunyar wa nake ji? Wa yake kallonmu?

Bara ban je ba. Na ce gari ba lafiya, hanya ba tabbas. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Kunya na ji a ga tsohon malami da rawani ya rungumi tukunyar fure a cikin jirgin ƙasa na metro.

Amma ban yi wasa da shi ba, Allah ne shaida. Kullum bayan sallar asuba nakan ba shi ruwa. Wata huɗu da rasuwarki, sai ga wani sabon reshe ya ɓullo daga can ƙasa, kore shar, yana tsawo kamar ana jansa. Na yi murnar da ban yi ba tun da kika kwanta ciwo. Na ce ashe ni ma hannuna yana da albarka. Bana har ya yi fure, farare, 'yan ƙanana. Na ce to, lokaci ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauke shi. Reshen ya wuce kaina, ƙayarsa tana kama mayafin mata a cikin metro, ina ta ba da haƙuri. Wani mutum ya tashi ya ba ni wuri, ya ce in zauna ya Hajj, kada daji ya kayar da ni. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Zauren babba ne, a cikin wani lambu. Tebura a jere da fararen ƙyallaye. Wardi iri-iri, wani furensa bai wuce maɓallin riga ba, wani ganyensa kamar ƙwayar shinkafa. Wasu a tukunya, wasu an yanko an sa a 'yar kwalba kamar ta turare. Dattawa suna sunkuyawa da tabarau suna leƙen fure kamar masu duba zinariya. Tun daga bakin ƙofa na ga nawa ya fi na kowa tsawo. Wallahi alfahari na ji. Kin ga irin jahilcin?

A teburin rajista na tarar da Madam Nadiya, ƙawarki ta wurin aiki, wadda ta zo ta'aziyya ta yi ta kuka har na rasa inda zan sa kaina. Ta gane ni. Ta riƙe baki, ta ambaci sunanki sau uku a jere, kamar ba komai ba ne a faɗe shi. Ta miƙo mini kati da alƙalami.

Ga abu na farko da zan faɗa miki. Na kasa. Na riƙe alƙalamin, mutane suna jira a bayana, sai na ga hannuna ya rubuta "'yar Haruna". Sunana na rubuta a wurin naki. Na ce wa kaina ai duk ɗaya ne.

Madam Nadiya ta dubi katin, sannan ta dubi tukunyar. Ta daɗe tana dubanta. Ta taɓa ganyen, ta sunkuya ta leƙa gindin, fuskarta ta canja. Ta ɗauke ta da kanta, ta kai can ƙarshen zaure, bayan wani ginshiƙi, inda ake ajiye bokitin ruwa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ai dama haka suke. Shekara hamsin ina zaune da su, na san yadda ake yi wa baƙin mutum murmushi a tura shi lungu. Na ja kujera na zauna kusa da tukunyar har aka tashi. Masu wucewa su dube ta, su dubi juna, su wuce. Wata mace ta tambaye ni ko ni ne mai gadin wurin. Na koma gida ina tsara irin maganar da zan gaya musu washegari.

Ranar Asabar ce ranar lacca. Na je da wuri don kada a ce tsoho ya gudu. Wani malamin aikin gona ya tashi yana bayani a kan yankan rassa. Rabin maganarsa ta wuce ni. Sai ya zo kan auren wardi. Wannan na sani, ko yaron ƙauye a ƙasarmu ya san mangwaro mai aure. Ya ce ƙaramin wardi mai rauni akan ɗauki idonsa, ɗan tohon nan na jikin reshe, a ɗora a kan tushen wardin daji, don tushen daji ya fi jure ƙasa. Ya ce akwai kuskuren da sababbin shiga suke yi. Wani lokaci tushen dajin yakan fitar da nasa reshen daga ƙarƙashin mahaɗar. Yakan fito da ƙarfi, dogo, kore, mai faranta ran wanda bai sani ba. In ba a cire shi ba, shi zai shanye abincin, na saman ya yi ta ramewa. Ya ce sau da yawa akan gane shi da ganye, na dajin bakwai-bakwai, na gidan biyar-biyar. Ya nuna hoto a bango, ya yi wata barkwanci a kan masu shayar da ɓarawo a gidansu. Zaure ya kwashe da dariya.

Na tashi a hankali na je bayan ginshiƙin. Na ƙirga. Bakwai. Na kama wani. Bakwai. Na ƙirga har yatsuna suka yi jini.

Ga abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Naki bai mutu da kansa ba. A lokacin sanyin farko bayan rasuwarki, akwai wani ɗan guntun reshe a gefe, bai fi tsawon yatsa ba, ganyensa ƙanana, yana rawaya. Na dube shi, na dubi dogon nan mai lafiya. Na ce wannan raggon yana tauye ɗan'uwansa. Na buɗe akwatinki, na ɗauko almakashinki, na yi bismillah, na datse shi daga gindi. Na jefa shi a shara tare da ɓawon albasa. Har na ji daɗi a ranar, na ce na fara iya aikinki.

Shekara bakwai ɗinki ke nan na zubar da ɓawon albasa.

Na sami Madam Nadiya na tambaye ta ko kin taɓa ba wani idonsa. Ta ce a'a. Ta ce sun sha roƙonki, kika ce ba wanda zai samu sai ya hau tebur tukuna, sai mahaifinki ya gan shi a can. Guda ɗaya ne a duniya. Ta ce ta gane tun ranar Juma'a, ta kai shi lungu ne don kada alƙalan gasa su faɗa a gaban jama'a. Ta yi ta ba ni haƙuri da harshensu, ma'alesh ya ammu, ma'alesh. Na tsani kalmar nan. A ƙasar nan in mota ta take ka ma'alesh, in 'yarka ta mutu ma'alesh. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daren Juma'a na kwana ina zarginta da wulaƙanci, ashe asirina take rufawa.

Ta ciro wayarta ta nuna mini hotonsa da kika aika mata. Ruwan goro ne, bakinsa da ɗan fari, furen a cike, ninki a kan ninki. Bai yi kama da fararen nan nawa ba ko kaɗan. Ta yi mamakin yadda ban lura da bambancin ba. Me zan ce mata? In ce ban taɓa kallonsa ba? Kin tuna ranar da ya fara buɗewa kika shigo da shi ɗaki da gudu, mace mai shekara arba'in tana gudu kamar 'yar yaye? Ina duba wata fassara. Ban ɗaga kai sosai ba. Na tambaye ki ko ana miya da shi. Kika yi dariya kika fita. Na ji lokacin da dariyar ta tsaya, a daidai ƙofar baranda. Na ji, na ci gaba da karatuna.

Ina jin haushinki, in gaya miki gaskiya. Me ya sa kika bar wa jahili amana? Me ya sa ba ki ba Nadiya ba, ko wani daga cikin masu tabarau ɗin nan? Me ya sa ba ki ce, Baba, in ka ga reshe daga ƙasa ka cire ba? Ko kin faɗa? Tun Asabar nake juya wannan. Ina jin kin faɗa, wata rana da yamma, ina sauraron labarai a rediyo, na ce miki to.

Su Madam Nadiya sun ce in bar tukunyar a can, za su ɗora mini wani iri mai kyau a kanta, baɗi ya yi fure. Na ƙi. Me zan yi da furen wani? Kuma wa ya ce musu zan kai baɗi? Na rungumo abina na dawo. A metro ba wanda ya yi dariya wannan karon, ko kuwa ni ne ban ji ba.

Yana nan a baranda, a wurinsa. Jiya na ɗauko almakashi na tsaya a kansa, na ce in datse ɓarawon nan in huta. Na kasa. Shi ne ya ci naki, amma saiwarsa ke kika binne ta, ƙasar da ke cikin tukunyar ke kika cuɗa ta da hannunki. Yau da asuba na ba shi ruwa. Mu biyu muka rage a gidan, ni da shi, masu taurin rai, marasa amfani, waɗanda suka rayu abin kirki ya mutu.

Katin ma na karɓo shi. Ga shi a gabana. Abu biyu kika roƙa. Na farko ya wuce har abada. Na biyu ba tebur, ba jama'a, ba furen da zai jingina da shi, kuma ke ba za ki gani ba. Duk da haka na soke abin da na rubuta ranar Juma'a. Na rubuta sunanki, rubutun ya karkace, amma ana iya karantawa. Na kuma faɗe shi da baki, da ƙarfi, har maƙwabciya ta buɗe taga. Ashe bai fi numfashi ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Ki yafe mini in ana yafewa daga can.

Sai na zo, Ramlatu.

Mahaifinki,
Haruna